Lafiyar Jiki da Neman Allah: Daga Hubbaren Shehu zuwa Ƙasar Sin

A tsakiyar tsohon garin Sakkwato, ba nisa da Masallacin Shehu, akwai gidan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi shekarunsa na ƙarshe a ciki. A nan ya rasu a watan Afrilu na 1817, a nan kuma aka binne shi. Wannan gida shi ake kira Hubbare. Kalmar ƙubba ce ta Larabci da ta biyo ta bakin Fulani. A harabar akwai kabarin 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da na waɗansu Sarakunan Musulmi na baya-bayan nan, irin su Muhammadu Maccido da Ibrahim Dasuki. Har yau mutane na zuwa ziyara daga ƙasashen Zamfara da Kabi da Katsina, har daga ƙetaren iyaka a Nijar. Waɗansu tarihi ne ya kawo su, waɗansu sun zo yi wa mamata addu'a. Akwai kuma waɗanda damuwar jiki ce ta taso su daga gida: rashin haihuwa, ciwon da ya ƙi jin magani, yaron da ya daɗe a kwance.

Mai hidimar da aka tura ƙasar Hausa ba zai yi wata guda ba sai tambayar da ke ƙarƙashin wannan ziyara ta same shi a ƙofar gidansa. Mene ne matsayin lafiyar jiki a wurin mai neman Allah? Alama ce ta yardar Allah? Kayan aiki ce? Ko kuwa abin da mai ruhaniya ya kamata ya raina ne? Mutanen ikkilisiyoyinmu sun girma kusa da amsar da malaman Sakkwato suka bayar, sun shaƙe ta cikin gaisuwa da karin magana, ko sun sani ko ba su sani ba. A wannan darasi za mu duba wannan amsa da kyau, sa'an nan mu ajiye ta kusa da ta addinin Tao na ƙasar Sin, domin a cikin manyan addinan duniya da wuya a sami wanda ya ba jiki matsayi irin wanda Tao ya ba shi. Idan muka ga su biyun gefe da gefe, za mu fi gane inda Littafi Mai Tsarki ya tsaya.

Abin da malaman jihadi suka rubuta a kan jiki

An fi sanin Shehu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da littattafan tauhidi, fiƙihu da sha'anin mulki. Ba kowa ya san cewa sun rubuta a kan magani ba. Abdullahi, wanda ya rasu a Gwandu a 1829, yana da littafi mai suna Masalih al-insan al-muta'alliƙa bil-adyan wal-abdan, wato abubuwan da ke gyara ɗan Adam ta fuskar addini da ta jiki. Sunan kaɗai ya isa ya nuna mana yadda suke tunani: addini da jiki a cikin bango ɗaya, a hannun malami ɗaya.

Amma Bello ne ya fi kowa nisa a wannan fage. Shi ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ya zama Sarkin Musulmi bayan mahaifinsa, ya yi shekara ashirin yana yaƙi da Gobir da Kabi, yana gina ribaɗi-ribaɗi, har ya rasu a Wurno a 1837. A cikin wannan hidima ya sami lokacin rubuta Al-Mawarid al-Nabawiyya, a kan maganin da aka ruwaito daga Annabi Muhammadu. Ya rubuta ɗan littafi a kan ciwon ido, wani a kan ciwon ƙoda, wani a kan amfanin filasko, wani kuma, Al-Ƙawl al-Manthur, a kan basir. Bari mu ɗan tsaya a nan. Shugaban daular da ta fi kowace girma a Afirka ta Yamma a zamaninsa ya zauna ya rubuta littafi a kan basir, ciwon da mu yau fasto zai ji nauyin ambatarsa a taron dattawa. Bello bai ga raini a ciki ba. Mutanensa mahaya doki ne da mazauna buzu, waɗanda ke yini a kan sirdi ko a kan karatu. Ya san abin da ke damunsu. Haka ma ciwon ido. A ƙasar da ƙurar hunturu da amodari ke makantar da mutane, almajiri kuma da hasken wutar kara yake karatun dare, malamin da ya rasa ido ya rasa rabin aikinsa.

Ilimin da Bello ya yi amfani da shi rassa biyu ne. Reshe na farko shi ne maganin Annabi: zuma, habbatus sauda, ƙaho, rage ci, da addu'a. Reshe na biyu ya taso ne daga Helenawa, daga likita Jalinus, ya biyo ta hannun Ibn Sina da likitocin Larabawa. A wannan ilimi jiki yana da ruwaye huɗu, jini da majina da safara da sauda, kowanne da zafinsa ko sanyinsa, danshinsa ko bushewarsa, ciwo kuma rinjayen ɗaya ne a kan sauran. Duk sa'ad da tsohuwa a ikkilisiyarmu ta ce sanyi ya kama ta, ko ta hana mai jego wani abinci domin yana da sanyi, akwai ɓurɓushin wannan tunani a bakinta. Masanin tarihi Ismail Abdalla, a littafinsa na 1997 a kan Musulunci da magani a Arewacin Nijeriya, ya nuna cewa yawancin waɗannan rubuce-rubuce taƙaitawa ne na littattafan Larabci da suka gabata. Wannan bai rage darajarsu a wurin darasinmu ba. Abin da muke nema shi ne dalilin rubuta su, dalilin kuwa a bayyane yake: a ba Musulmi hanyar neman lafiya wadda ba za ta kai shi wurin boka ko 'yan bori ba.

Bello bai kuma tsare kansa ga abin da ya gada ba. Sa'ad da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila akwai likitan da zai zauna a birnin. Likitan bai iso ba, shi kansa Clapperton ciwo ya kashe shi kusa da Sakkwato a 1827, a zuwansa na biyu. Amma roƙon ya nuna cewa Bello bai ɗauki magani daga hannun wanda ba Musulmi ba a matsayin raunin imani.

Nana Asma'u ta kai wannan aiki wurin mata. A 1839 ta rubuta Tabshir al-Ikhwan da Larabci, inda ta jera surorin Alƙur'ani da irin damuwar da ake karanta kowace dominta, har da ciwo da naƙuda. A wajen wannan lokaci ne kuma ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, inda take naɗa dattijuwar mace jaji, ta ba ta malfa, ta tura ta ƙauye da waƙoƙin koyarwa. Jean Boyd, wadda ta daɗe tana binciken rayuwar Asma'u a Sakkwato, ta nuna cewa malfar nan daga kayan Inna ta Gobir aka aro ta, wato shugabar 'yan bori. Asma'u ta gane abin da masu bishara da yawa ba mu gane da wuri ba. Matar ƙauye ba don ƙaunar iskoki take zuwa bori ba. Ɗanta ne ba shi da lafiya. Idan ka hana ta ba ka ba ta wani wurin zuwa ba, za ta je da dare.

Jiki raƙumin matafiyi

Wannan kula da jiki tana da tushe a cikin fiƙihun Malikiyya da kowane almajirin zaure ke karantawa. Ahalari da Ishmawi da tsarki suke farawa kafin salla. Risala ta Ibn Abi Zaid tana da babi a kan magani da tofi. A cikinsu an tanadi sauƙi ga marar lafiya dalla-dalla: wanda ruwa zai cutar da shi ya yi taimama, wanda ba zai iya tsayuwa ba ya yi salla a zaune ko a kwance, marar lafiya da matafiyi su sha azumi su rama daga baya, haka mai ciki da mai shayarwa idan suna tsoron cutuwa. Malaman usulu sun ƙidaya abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare, wato addini, rai, hankali, nasaba da dukiya. Biyu daga cikin biyar ɗin, rai da hankali, a jiki suke zaune.

Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, wanda kuma malaman jihadi suka sha daga littattafansa, ya kwatanta jiki da raƙumin mahajjaci. Dole ka ba shi abinci da ruwa, in ba haka ba ba za ka isa ba. Amma wanda ya tsaya yi wa raƙumi ado har ayari ya wuce, ya yi hasara. Shehu da jama'arsa 'yan ɗariƙar Ƙadiriyya ne, sun san halwa, sun san tsayuwar dare da rage ci domin a karya sha'awa. Duk da haka horon yana da iyaka. Hadisi ya hana haɗa azumi kwana da kwanaki ba buɗa baki, akwai kuma labarin sahabin da ya ɗaura niyyar azumi kullum da salla dukan dare, Annabi Muhammadu ya tsawata masa ya tuna masa cewa jikinsa da iyalinsa suna da hakki a kansa.

To, amsar Sakkwato ke nan. Lafiya amana ce, ana tsare ta domin ibada ta yiwu. Ana neman magani, ana addu'a, warkarwa kuwa ta Allah ce. Idan Bahaushe ya ce lafiya uwar jiki, a wannan gona yake tsaye.

Addinin Tao: jiki shi ne maƙera

Yanzu mu yi tafiya mai nisa zuwa gabas. Ɗalibi na iya tambaya, ina ruwanmu da addinin mutanen Sin? Ruwanmu ya fi yadda muke zato. Matasanmu sun ga tsoho mai farin gemu a fina-finan Sin yana zaune a kan dutse yana jan numfashi. A garuruwanmu ana tallar ganyen shayi da ƙwayoyin ƙarin kuzari daga can, wani lokaci ma a bakin ƙofar majami'a bayan sujada. Bayan waɗannan abubuwa akwai tsohuwar koyarwa.

Tao ma'anarsa hanya, wato hanyar da dukan halitta ke bi. Babban littafinsu shi ne Daodejing, mai gajerun babi 81, wanda ake dangantawa da Laozi. A ganinsu kowane abu yana rayuwa ne da wani ƙarfi da suke kira qi (furucinsa kusan kamar kalmarmu ta "ci"), wanda ya haɗa ma'anar numfashi da kuzari. An haifi mutum da rabonsa na wannan ƙarfi. Fushi, yawan ci, yawan jima'i da damuwa suna zubar da shi, idan ya ƙare sai mutuwa. Saboda haka aikin mai bin Tao shi ne ya tattala abin da yake da shi, ya kuma tace shi. Wannan tunani tsoho ne ƙwarai. A 1973, a wani kabari a Mawangdui da aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Almasihu, an tono zanen siliki mai ɗauke da hotunan mutane 44 suna miƙe gaɓoɓi iri-iri domin lafiya.

Daga baya malamansu suka tsara aikin hawa-hawa. Jiki yana da taska uku: jing, wato ƙarfin haihuwa, qi, numfashin rai, da shen, ruhu. Ta wurin sarrafa numfashi, zaman shiru, motsa jiki, tsarin abinci (waɗansu har suna barin hatsi gaba ɗaya) da kame kai, ana tace na farko ya zama na biyu, na biyu ya zama na uku, har mutum ya koma ɗaya da Tao. A nan bambancin yake. A wurin al-Gazali jiki raƙumi ne da ke kai ka wurin ibada. A wurin waɗannan malamai jiki shi ne maƙerar, shi ne ƙarfen, a cikinsa ake ƙera ceton. Tsawon rai kuwa shi ne shaidar cewa aikin yana tafiya, ƙarshensa kuma rashin mutuwa.

Ge Hong, wanda ya rayu daga 283 zuwa 343, ya rubuta a littafinsa Baopuzi cewa motsa jiki da ganyaye suna tsawaita rai kawai, rashin mutuwa sai da haɗin da ake dafawa daga ma'adinai, musamman jan dutsen da ake samun zaiba daga cikinsa. Wannan koyarwa ta ci rayuka. Tarihin daular Tang ya danganta mutuwar sarakuna da dama da shan irin wannan haɗi, cikinsu har da Muzong a 824 da Wuzong a 846. Sun sha guba suna neman dawwama. Idan kuma babban malami ya mutu, sai almajirai su ce bai mutu ba, ya bar takobi ko sanda ne a siffar gawa ya wuce. Koyarwar da ta mai da lafiya shaidar ruhaniya dole ta nemi irin wannan mafita ranar jana'iza.

Akwai wani reshe da zai yi mana kama da gida. A shekara ta 142 Zhang Daoling ya kafa ƙungiyar Malaman Sama a lardin Sichuan. Su sun koyar cewa ciwo sakamakon zunubi ne. Marar lafiya zai shiga ɗakin shiru ya tuna laifofinsa, a rubuta furcinsa a aika wa masu mulkin sama da ƙasa da ruwa, a kuma ba shi ruwan da aka zuba tokar rubutacciyar laya a ciki ya sha. Duk wanda ya san rubutun sha a ƙasar Hausa, ko ya san kwalaben ruwan addu'a a waɗansu majami'unmu, ba zai ji wannan baƙo ba.

Adalci ya wajaba mu faɗi abu biyu. Na ɗaya, Tao ba murya ɗaya ba ce. Littafin Zhuangzi, ɗaya daga tsofaffin littattafansu, cike yake da guragu da masu tawaya waɗanda su ne masu hikima, yana kuma karɓar mutuwa kamar sauyin damina da rani. Na biyu, neman tsawon rai ya haifi likitanci na gaske. Shi wannan Ge Hong ya tara magungunan gaggawa a wani littafi, a ciki ya ambaci wani ganye dangin tazargade, a jiƙa shi a ruwa a matse a sha domin zazzaɓi mai zuwa yana komawa. A farkon shekarun 1970 wata masaniya mai suna Tu Youyou ta karanta wannan, ta lura cewa bai ce a dafa ba, ta gane zafi ne ke lalata sinadarin, ta fitar da atemisinin. An ba ta lambar Nobel a 2015. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba 'ya'yanmu yau a asibitocin Sakkwato, har da asibitin koyarwa mai ɗauke da sunan Shehu, daga nan ya samo asali. Allah da ke sa ranarsa ta haskaka kowa (Matiyu 5:45) ya ɓoye wannan jinƙai a littafin mutumin da bai san shi ba, muna kuwa karɓarsa da godiya ba tare da mun karɓi tauhidin mutumin ba.

Kabari biyu

Mu komo Hubbare. An haifi Shehu a Maratta a watan Disamba na 1754. Ya ƙaura daga Sifawa zuwa Sakkwato a 1815, ya yi doguwar jinya, ya rasu yana da shekara 62. Bello bai kai sittin ba. A ma'aunin Ge Hong wannan aiki ne da bai kammala ba. A Sakkwato kuwa ba wanda ya taɓa cewa jinyar Shehu ta rage masa walittaka. Waziri Giɗaɗo ya tara karamominsa a littafin Rawd al-Jinan, amma ba a ɓoye cewa ya yi ciwo ya mutu kamar kowa ba. Shehu kansa ya lissafa shafar kabari domin neman tabarraki cikin bidi'o'in da ya yi gargaɗi a kansu, har yau kuma Musulmi na muhawara a tsakaninsu a kan iyakar ziyara, musamman tun kafuwar Izala a 1978. Wannan muhawararsu ce, ba mu aka kira mu raba ta ba. Abin da ya shafe mu shi ne mu lura cewa a wannan batu maƙwabtanmu sun fi kusa da Littafi Mai Tsarki fiye da waɗansu masu wa'azin talabijin da ke kiran sunan Yesu.

Littafi Mai Tsarki ma yana da nasa kabarin annabi. A 2 Sarakuna 13:21 an jefa gawa cikin kabarin Elisha, ta taɓa ƙasusuwansa, mutumin ya tashi. Masu wa'azi na son wannan aya. Amma aya ta 14 ta wannan sura ta gaya mana yadda Elisha ya shiga kabarin: ciwo ne ya kama shi, ciwon kuma ya kashe shi. Mutumin da ya warkar da Na'aman daga kuturta, ya ta da ɗan matar Shunem, bai warkar da kansa ba, marubucin kuwa bai ga abin kunya a ciki ba. Ikon na Allah ne, ba ajiyar annabi ba ce.

Haka yake a Sabon Alkawari. Manzo Bulus, wanda aka kai ƙyallayen da suka taɓa jikinsa ga marasa lafiya a Afisa suka warke (Ayyukan Manzanni 19:12), ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas (2 Timoti 4:20). Abafaroditas ya kusa mutuwa a hannunsa (Filibiyawa 2:27). Shi kansa ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba (2 Korintiyawa 12). Ga Timoti mai yawan laulayin ciki, bai ce ya ƙara bangaskiya ba, ya ba shi shawarar maganin zamaninsu (1 Timoti 5:23). Mu da ikkilisiyoyinmu suka hana giya mukan tsallake wannan aya da sauri, har mu rasa abin da take koyarwa: manzo ya rubuta wa matashin fasto a kan cikinsa, kamar yadda Bello ya rubuta a kan basir.

Amma ba mu tsaya inda al-Gazali ya tsaya ba. Musulmi ma sun gaskata da tashin jiki a ranar ƙarshe, kada mu yi musu ƙazafi a nan. Inda muka rabu shi ne cewa Kalma ya zama jiki (Yahaya 1:14), ya ji yunwa, ya gaji a bakin rijiya, ya yi barci a jirgi, ya kuma tashi da tabon ƙusa a hannunsa (Yahaya 20:27). Jikin mai bi haikalin Ruhu Mai Tsarki ne (1 Korintiyawa 6:19). Saboda haka a wani gefe muna girmama jiki har kusan yadda mai bin Tao ke yi, domin a cikinsa Allah yake zaune. Sai dai ba mu ne muke tace shi har ya dawwama ba. Rashin ruɓa kyauta ce da za a sa mana a ranar tashi (1 Korintiyawa 15), haikalin da ke zubar ruwa kuma yana nan haikali.

A bakin aiki

Tarihin ikkilisiya a ƙasar Sakkwato ta ƙofar jiki ya shigo. Gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana 'yan mishan wa'azi a masarautun Musulmi. A ƙarshen shekarun 1930, da yardar sarakuna, aka danƙa wa SIM kula da sansanonin kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina. A ƙetaren iyaka kuma aka buɗe asibitin Galmi a 1950. Da dama daga masu bi na farko a waɗannan wurare majinyata ne ko 'ya'yansu. Wannan abin godiya ne, yana kuma ɗauke da gargaɗi, domin tun a lokacin akwai masu zargin cewa magani ƙugiya ce. Ma'aikacin asibitin ikkilisiya da ya sa jin wa'azi ya zama kuɗin ganin likita ya tabbatar da zargin. Yesu ya warkar da kutare goma, ɗaya ya komo, bai karɓe lafiyar tara ɗin ba (Luka 17).

Batun azumi ya fi damun mu. Ikkilisiyoyi da yawa yanzu suna shelar azumin kwana 21 ko 40 a farkon shekara, waɗansu kuma azumin da ba ci ba sha na kwana uku ko bakwai. A Sakkwato zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40. Almajiri ɗan shekara goma sha biyu zai iya lissafa maka waɗanda shari'arsu ta ɗauke wa azumi. Mu ba mu da irin wannan rubutacciyar ƙa'ida, domin azuminmu na son rai ne, sai rashin ƙa'idar ya zama tarko: mai ciwon suga, mai gyambon ciki da mai shayarwa suna jin kunyar a gan su suna ci. Duk fastor da ya yi shelar azumi, ya faɗi da bakinsa daga kan bagade waɗanda bai kamata su yi ba, ya kuma maimaita kowace Lahadi har azumin ya ƙare. Idan bai faɗa ba, ba za su ba kansu izini ba.

Sai batun barin magani. Mai tarin fuka yana bukatar wata shida cur yana shan ƙwaya. Idan ya bari a tsakiya domin an yi masa addu'a ya ji sauƙi, ciwon yakan dawo da taurin kai, ya kuma baza shi a gida. Mai hawan jini, mai farfaɗiya da mai ƙanjamau haka suke, nasu ma yawanci ba ranar dainawa. Waɗansu na kafa hujja da Sarki Asa, wanda aka zarga a 2 Tarihi 16:12. Laifin Asa shi ne bai nemi Ubangiji ba. A 2 Sarakuna 20:7 kuwa annabi Ishaya ne da kansa ya sa a ɗora wa Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa bayan Allah ya riga ya yi alkawarin warkarwa. Idan mun yi addu'a mutum ya ce ya warke, mu tura shi a gwada shi, kamar yadda Ubangiji ya tura kuturu wurin firist. Mai da ruwan da ake sayarwa a kwalba kuwa, Yakubu 5:14 ya ambaci dattawa da addu'a da mai, bai ambaci farashi ba.

Haɗa ciwo da zunubi tsohuwar jaraba ce, daga abokan Ayuba zuwa Malaman Sama na Sichuan, zuwa almajiran Yesu a Yahaya 9. A 2017, sa'ad da sanƙarau ya kashe ɗaruruwan mutane a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu, gwamnan Zamfara na lokacin ya danganta annobar da zunuban jama'a, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II kuma ya fito fili ya ƙi wannan magana, ya ce a nemo allurar rigakafi. Mu ma muna da masu irin maganar gwamnan a cikinmu. Bakin shugaban addini yana da nauyi a wannan ƙasa: jita-jita ta tsayar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, kwamitin sarakunan Arewa da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya kafa a 2009 ya taimaka wajen dawo da amincewa, har a watan Agusta na 2020 aka tabbatar cewa nau'in cutar na asali ya ƙare a Afirka. Sanarwar minti biyu bayan baiko, cewa masu rigakafi za su zo ranar Talata, hidima ce.

Na ƙarshe shi ne jikin shi mai hidimar. Mun san yadda rayuwarsa take: babur a kan hanya marar kyau zuwa ƙauyuka huɗu ko biyar, kwanan addu'a ranar Jumma'a, jana'iza ranar Asabar, sujada biyu ranar Lahadi, albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ga kunyar cewa "ba ni da lafiya" a gaban garken da ke ɗaukarsa mutumin Allah. Sa'ad da Iliya ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa, mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Ya ba shi gurasa da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake ba shi, sa'an nan aka yi maganar Horeb (1 Sarakuna 19). Na'urar awon jini ta hannu ba ta kai kuɗin fentin majami'a ba. Majalisar dattawa za ta iya sayen guda ɗaya, ta ajiye a hannun wata ma'aikaciyar jinya daga zumuntar mata, a riƙa awo sau ɗaya a wata bayan sujada, a rubuta a littafi. Faston ne zai fara miƙa hannu, a gaban kowa, domin dattawa maza ba za su zauna a bencin ba sai sun ga ya zauna.